Yadda Ake Gano Matsalar Fulogin Tirela da Sake Haɗa Wayoyinsa Su Dace da Motar da Ke Ja

A Damagaram da wuya ka ga mota da tirelar da take ja sun fito daga ƙasa ɗaya. Motar ta shigo daga Turai ko Amurka ko Dubai bayan ta sha hannu. Ita kuwa tirelar, ko tsohuwa ce da aka yi gwanjonta, ko masu walda ne suka ƙera ta a nan cikin gari aka ɗora mata tankin ruwa ko janareto. Ranar da aka haɗa su sai rikici ya tashi: direba ya ba da siginar hagu ta dama ta kama, ya taka birki duk fitilun baya su yi dishi-dishi, ko fiyus ya ƙone da zarar an cusa fulogi. Wanda zai kama hanyar Tanut ko ta Gure da dare da tirela marar wuta, ba jandarma kaɗai ne abin tsoronsa ba, har da babbar motar da ke tafe a bayansa.

Gyaran ba shi da wuya, amma akwai sharaɗi: kada ka amince da launin waya. Wanda ya riga ka taɓa tirelar ya yi aiki ne da wayar da ya samu a ranar, kuma su kansu masu ƙera kayan ba launi ɗaya suke bi ba. Abin da za ka bi shi ne aikin kowace ƙafa ta soket, ka gwada ta da hannunka, ka rubuta. Mota ce ma'auni. Tirela ake gyarawa ta bi mota, sai fa in soket ɗin motar ne aka yi wa haɗin ganganci.

Kayan da za ka tanada: fitilar gwaji, mita in kana da ita, ƙaramin sukudireba mai faɗin baki da mai kuros, filaya, wuƙa ko abin feƙe waya, sanfefa, baƙin salatif, farin salatif na takarda da biro domin sa alama, doguwar waya mai kauri da ƴan maƙalai a bakinta biyu, fiyus mai amfiya 10, da batir mai caji. Fitilar gwajin kana iya haɗa ta da kanka: ƙwan sigina mai wat 21 da wayoyi biyu. Ni na fi yarda da ita a kan mita a wannan aikin, domin mita takan nuna maka bolt 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage a cikin tsatsa, shi kuwa ƙwai mai wat 21 sai wutar ta isa sosai yake haske. Sai kuma mutum na biyu da zai zauna a kujerar direba.

Ka fara sanin irin soket ɗin da ke gabanka

Wanda ya fi yawa a ƙananan motoci masu bolt 12 da suka fito daga Turai shi ne zagayayye mai ƙafa bakwai, tsarin ISO 1724, wanda ake kira 12N. Ga aikin ƙafafunsa:

1 ko L, siginar hagu, rawaya
2 ko 54G, fitilar hazo ta baya, shuɗiya
3 ko 31, mas (wayar da wuta ke bi ta koma jikin mota), fara
4 ko R, siginar dama, koriya
5 ko 58R, ƙaramar fitilar dare ta dama, ruwan ƙasa
6 ko 54, birki, ja
7 ko 58L, ƙaramar fitilar dare ta hagu, baƙa

Ta bakwai tana tsakiya, sauran shida sun kewaye ta. Lambobin a rubuce suke a jikin robar, kusa da kowace ƙafa, sai dai ƙanana ne, sai ka goge ƙura ka haska da tocilan. Ka bi lambar, kada ka bi zanen da ka haddace, saboda abin da ke hannun dama in ka duba ta gaba, yana hagu in ka juya ta bayan da wayoyi suke shiga. Masu juya sigina da yawa a nan suke faɗawa.

Sababbin motocin Turai suna zuwa da mai ƙafa 13, tsarin ISO 11446, wanda ake murɗawa ya kulle. Ƙafa 1 zuwa 7 aikinsu ɗaya da na sama, ta 8 fitilar ribas ce, ta 9 wutar batir ce da ba ta yankewa, ta 10 wuta ce da ke zuwa in an kunna mota, 11 da 13 kuma mas ɗin waɗannan biyun ne. In motarka mai 13 ce tirelar mai 7, ba sai ka yanka komai ba, akwai ɗan mahaɗi da ake sayarwa. Na Amurka daban ne, zan zo kansa.

Mataki na farko: mota ita kaɗai

Zare fulogin tirela gaba ɗaya. Buɗe murfin soket ka duba ciki. Ƙurar hunturu da ruwan damina sukan haɗu a nan su zama laka, tagullar ta yi kore. Kashe komai, ka kakkaɓe, ka goge kowace ƙafa da ɗan sanfefa da ka naɗe, ka hure.

Yanzu maƙala waya ɗaya ta fitilar gwaji a ƙarfen shasi, wurin da ka kankare fenti har ya yi ƙyalli. Ka ce wa na cikin motar: “Malam, murɗa makulli, ba ni siginar hagu.” Ka taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har ka sami wadda ke sa ƙwai ƙiftawa, ka rubuta lambarta. Haka siginar dama, haka birki, haka ƙananan fitilu, haka ta hazo (ita sai an kunna manyan fitilu take zuwa a yawancin motoci). Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ya bar ƙananan fitilu a kunne kana neman birki, za ka ga wuta a ƙafa uku ka rikice.

Sannan gwajin da mutane suke tsallakewa. Cire maƙalin daga shasi ka ɗora shi a ƙafa ta 3, a sake taka birki, ka taɓa ta 6. In hasken ya kai na ɗazu, mas ɗin soket lafiya lau. In ya ragu ko ya ɗauke, ka bi farar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka kwance, ka kankare, ka mayar da washa mai haƙora.

In wata ƙafa ba ta kawo wuta sam, duba fitilar motar ta wannan ɓangaren. Ita ma ta mutu? To fiyus ne ko makunni. Tana aiki? Matsalar tana tsakanin inda aka ɗebo wutar da soket, yawanci a mahaɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif a bayan fitila ko ƙarƙashin bamba. Wasu motocin suna da fiyus na tirela daban da na fitilunsu, ka duba murfin akwatin fiyus.

A kula da motocin zamani masu kwamfuta. Da yawansu suna da ɗan akwati na musamman da ke ba tirela wuta, wani ma ba ya sakin wutar sai ya ji an jona masa nauyi, shi ya sa ƴar fitilar gwaji ta LED takan nuna kamar babu komai. Irin waɗannan motocin ba a feƙe wayar fitilarsu a ɗebi wuta kai tsaye. Kwamfutar tana auna abin da kowane ƙwai ke ja, in ta ga ya ninka sai ta yanke layin ko ta kunna alamar gargaɗi, wani lokaci akwatin ya lalace, kuma kuɗinsa ya fi na wayarin tirelar duka.

Mataki na biyu: mas

A nan ya kamata a daɗe, domin mafi yawan abin da ake ɗora wa fulogi laifin mas ne. Kowace fitila tana da wayarta ta zuwa, amma hanyar komawa ɗaya ce ga dukkansu. Yi lissafi: birki biyu wat 42, ƙananan fitilu biyu wat 10, ta lamba wat 5, sigina ɗaya wat 21. Jimla wat 78, a raba da bolt 12, amfiya 6.5 ke nan duk a kan farar waya ɗaya. In hanyar nan ta toshe, wutar ba ta tsayawa, sai ta nemi wata hanya ta cikin sauran ƙwayayen. Shi ne za ka ga an taka birki sigina ta yi ɗan haske, ko an ba da sigina ƙaramar fitila tana ƙiftawa tare da ita, ko ta hagu da ta dama suna karɓa-karɓa. Duk lokacin da fitilar da ba a kira ba ta amsa da rauni, mas za ka fara tuhuma kafin ka kwance waya ko ɗaya.

Tabbatarwa ba ta ɗaukar lokaci. Jona fulogi, ka ɗauki doguwar wayar nan mai maƙalai, baki ɗaya a shasin mota, ɗayan a ƙarfen tirela. In komai ya daidaita, ka gano. In bai daidaita ba, matsar da maƙalin zuwa jikin gidan fitilar da ke rikici, domin sau da yawa shasin yana da mas amma fitilar ba ta samu, saboda fenti ko tsatsa tsakanin notinta da ƙarfe.

Akwai yaudara ɗaya da ya kamata ka sani. Tirela takan saci mas ta ƙwallon ja, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala ta. A tsaye a garaji komai na aiki, amma da an hau hanya mai gargada, ƙarfe yana rabuwa da ƙarfe, fitilu suna ɗaukewa suna dawowa. Don haka gwajin gaskiya shi ne ka sauke tirelar daga ƙwallon, ka cire sarƙa, ka sa katako ƙarƙashin ƙafarta, fulogi kaɗai ya haɗa su. Abin da ya yi aiki a haka shi ne mai aiki.

Tirelolin da ake ƙerawa a gida sun fi fama da wannan. Mai walda yakan ɗaura fitila a ƙofar baya mai hinji, ko a kan akwatin da ke juyewa, ya bar mas ya bi ta hinjin. A ganina duk tirelar da za ka sake wa waya, ka ja farar waya tun daga fulogi har kowace fitila, ka kuma ɗaure reshe ɗaya a shasi. Ƙarin mita kaɗan ne na waya, kuma ka huta.

Mataki na uku: tirela ita kaɗai

Ajiye batir kusa da fulogi. Haɗa ƙafar mas da kan batir mai alamar ragi. Daga kan mai alamar tarawa ka ja waya ta cikin fiyus mai amfiya 10, ka riƙa taɓa sauran ƙafafun ɗaya-ɗaya, yaro yana baya yana faɗa maka wadda ta kama da ƙarfin haskenta. In fulogin ya riga ya farfashe, ka yi gwajin a kan wayoyin kai tsaye. Kowace waya ka gano, naɗa mata farin salatif ka rubuta: hagu, dama, birki, dare. In ba ka san wacce ce mas ba, sa mita a ma'aunin da ke yin ƙara in waya biyu sun haɗu, ka nemi wadda ta haɗu da shasi ba tare da wata turjiya ba. Sauran za su nuna ɗan adadi saboda sun bi ta cikin ƙwai.

Kula da jar fitilar baya mai ƙwai ɗaya da zare biyu, P21/5W. Zaren wat 21 na birki ne, na wat 5 na dare. In an juya su, tirela za ta yi ta haske mai ƙarfi duk dare, in an taka birki kuma na baya ba zai ga bambanci ba. Ƙusoshin gefen wannan ƙwan ba tsayinsu ɗaya ba don kada ya shiga a juye, amma mai ƙarfin hannu yakan tura shi. Haka in aka cusa ƙwai mai gindi ɗaya a gidan mai gindi biyu, sai ya haɗe layin birki da na dare, ka taka birki fitilun dashbod su kama.

In fiyus ya ƙone da ka taɓa wata ƙafa, waya ta goge ta taɓa ƙarfe a wannan layin. Maimakon ka yi ta ƙona fiyus, sa fitilar gwajinka a madadinsa. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai yi cikakken haske. Ka bi layin kana girgiza waya, musamman inda ta ratsa ramin ƙarfe, da kan sandar ja, da kusa da gatari inda duwatsu ke dukanta. Inda hasken ya ragu ko ya yi rawa, nan ne. Kuma don Allah kada a naɗa wa fiyus silin waya ko takardar sigari, wayarin motar ne zai zama fiyus ɗin.

Mataki na huɗu: haɗin kansa

Yanzu kana da takarda biyu, ta mota da ta tirela. Aikin shi ne kowace waya ta tafi ƙafar da motar ke ba da wutar aikinta.

Yanke tsohon fulogi har inda tagulla take ja mai ƙyalli. In ka feƙe ka ga ta yi baƙi, ƙara yankewa baya, domin ruwa yakan bi cikin waya ya yi nisa. In sabuwar waya za ka saya a Kasuwar Dole ko wajen masu kayan mota, kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa da girgiza, ka bar shi. Kaurin murabba'in milimita 1.5 ya isa fitilu, mas kuwa 2.5 ya fi.

Kafin komai, zura murfin fulogin da robar bayansa a jikin kebul. Wanda ya manta sai ya kwance duk abin da ya ɗaura. Feƙe rigar waje kamar santimita 4, kowace waya kuma kamar milimita 6. Murɗa silin, ka cusa har ƙarshe, ka ɗaure sukurun, ka ɗan ja ka ji. Kada sili ko ɗaya ya leƙo, domin tsakanin ƙafa da ƙafa ba nisa. Kada ka shafa wa bakin wayar dalma kafin ka ɗaure, dalma tana lotsawa a hankali sukurun ya saki. Fara da ta tsakiya, ta 7, don in ka bar ta ƙarshe sauran za su tare maka hanya. Maƙalin bayan fulogi ya kama rigar kebul, ba ƙananan wayoyin ba.

In tirelar waya ɗaya gare ta ta fitilun dare, sa ta a ƙafa ta 7 ko ta 5, ɗaya kawai. Kada ka yi gada tsakaninsu. Motoci da yawa sun raba hagu da dama a fiyus biyu domin in ɗaya ya ƙone ɗayan ya rage, gadar kuwa tana rushe wannan. Ƙafa ta 2 kuma ka gwada ta da kyau, saboda wasu sukan mayar da ita ta ribas ko ta wutar batir. In har tirelar tana da fitilar hazo, a bar mata ƙafarta. Wanda ya taɓa tuƙi cikin ƙurar hunturu a hanyar Agadas ya san amfaninta.

Ƙafafun fulogin a tsage suke. In sun matse har fulogi yana rawa a soket, sa bakin wuƙa a tsagar ka ɗan buɗa kaɗan. Shafa musu man baselin sama-sama, ba da yawa ba, don yashi yana manne wa maiƙo. Tsawon kebul ya isa mota ta karya kwana har ƙarshe bai ja ba, amma kada ya taɓa ƙasa. In a ɓangaren mota za ka yi aiki, cire kan batir na ragi tukuna.

In ɗaya na Amurka ne ɗaya na Turai

Wannan ne wurin da sauya ƙafafu kaɗai ba ya isa. Ƙaramin fulogin Amurka shimfiɗaɗɗe ne mai ƙafa huɗu: fara mas, ruwan ƙasa fitilun dare, rawaya hagu, koriya dama. Babu wayar birki, domin a tsarinsu birki da sigina zare ɗaya suke amfani da shi a jar fitila: in an taka birki rawaya da koriya duka suna kawo wuta. A tsarin Turai kuwa sigina tana da fitilarta mai ruwan lemo, birki yana da tasa. Babban na Amurka mai ƙafa bakwai masu faɗi shi ma haka yake, ga shi kuma launukansa iri biyu ne a kasuwa, a wani koriya siginar dama ce, a wani fitilun dare. Shuɗiyarsa ta birkin lantarki ce, ba ta hazo ba.

In motar tsarin Turai ce tirelar ta Amurka, hanya biyu ce. Ko ka sa ɗan akwatin da ke haɗe birki da sigina, ko ka ƙara wa tirelar fitilu biyu masu ruwan lemo ka ja musu wayoyinsu, jajayen su zama na birki da dare kawai. Na fi son ta biyu, ba abin da zai lalace a cikinta sai ƙwai, kuma ƙwai ko a Mirriya ko Magariya za ka samu. Abin da ba a yi shi ne a murɗe wayar birki da ta hagu da ta dama wuri ɗaya. Wutar za ta koma cikin mota, ka ba da sigina fitilu huɗu su amsa.

In motar ce ta Amurka, dubi fitilunta na baya. In tana da sigina mai ruwan lemo daban, to wayoyin a rabe suke, akwatin da ke gaban soket ne ya haɗe su, sai a ɗebo daga gabaninsa. In jar fitila ɗaya ce ke yin duka, sai akwatin da ke raba su, ko a mayar da tirelar tsarin Amurka.

Manyan motoci

Kawunan tirela da tankokin da ke zirga-zirga a hanyar matatar mai ta SORAZ bolt 24 suke amfani da shi, kuma soket ɗinsu mai ƙafa bakwai, ISO 1185 ko 24N, jerinsa daban: 1 mas, 2 fitilun dare na hagu, 3 siginar hagu, 4 birki, 5 siginar dama, 6 fitilun dare na dama, 7 ta sarrafa birkin tirela. Hanyar gwaji ɗaya ce, amma da ƙwai mai bolt 24. Na manyan motocin Amurka, SAE J560, kamarsu ɗaya da shi har yana shiga, alhali bolt 12 ne. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal ma 24 ne, don haka a auna kafin a jona. Kebul ɗin ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki) mai fulogi na daban, ISO 7638, ba na fitila ba ne, kada a ɗebi wuta a jikinsa.

Gwajin ƙarshe

Da tirela a sauke daga ƙwallo, injin yana aiki, a bi su ɗaya-ɗaya: dare, hagu, dama, birki, hazo. Sannan a haɗa su: ƙananan fitilu a kunne, ƙafa a kan birki, a ba da sigina. Raunin mas a nan yake fitowa, ba a gwajin ɗaya-ɗaya ba. Sigina ta riƙa ƙiftawa tsakanin sau 60 da 120 a minti. In ta yi sauri fiye da haka, ƙwai ya mutu ko wata waya ba ta kama ba. In fitilun tirelar LED ne kuma motar ba ta san an jona su ba, a mota mai bolt 12 ana sa musu abin ƙara nauyi mai om 6 da wat 50 a layin kowace sigina, a ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba domin yana zafi sosai.

Ana cikin gwajin ka kama fulogin ka girgiza, ka ja kebul hagu da dama, na baya yana kallo. Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, buɗe fulogin ka ƙara ɗaure sukurorin bakwai, domin silin tagulla yakan kwanta bayan ya sha girgiza. In an sauke tirela, a rataye fulogin bakinsa yana kallon ƙasa, a kuma tabbata murfin soket ɗin mota ya rufe.